Fikafikan da Suke Kallon Gida

Ba zan taɓa mantawa da kukan lasifikar makarantarmu ba, wadda take yin "ƙiiii" duk lokacin da mutum ya kai baki kusa da ita. Har yau in na ji irin wannan ƙara a gidan biki sai in koma 'yar sakandare a Kontagora, tsaye a tsakiyar fili, riƙe da jirgin sama na karan dawa.

Yayana Mustafa ne ya sa mini son jirage. Manyan jirage ba sa sauka a garinmu, sai dai su wuce can ƙololuwa su bar farin layi kamar an ja alli. Bayan girbi, in mun je gonar Baba a hanyar Beri, Yaya yakan zaɓo kara mai kyau ya ɓare shi, ya harhaɗa lallausan cikin da tsinkaye har ya zama jirgi. Kullum fikafikan a karkace yake sa su, sun koma baya. Ranar da zai tafi Abuja koyon gyaran jirage, ina firamare, na riƙe masa riga ina kuka, na rasa abin da zan ce ya ƙara tsayawa, sai na tambaye shi dalilin karkacewar.

Ya durƙusa ya ce, "Ƙanwata, jirgi ba ya son tafiya. Gaba yake yi, amma hannuwansa suna miƙe wajen gida. Duk wanda kika gani a sama, kewa yake yi."

Na haɗiye maganar nan kamar ƙwayar magani, ban tauna ba. (Kada ku yi mini dariya tukuna, ku adana ta, akwai inda za ku buƙace ta.)

Shekaru suka tafi, zuwan Yaya gida ya yi ta raguwa, har ya zama ko da Sallah sai dai mu ji muryarsa a waya. Sai ga sanarwar gasar kimiyya ta makarantun yankinmu: waɗanda suka yi na ɗaya za a kai su Abuja, har da ziyarar filin jirgi. Ni ban ji "gasa" ba, ban ji "kimiyya" ba. Abuja kawai na ji. Har na fara tsara yadda zan lallaɓo ta bayansa in rufe masa ido.

Na haɗa kai da ƙawata Rahila, 'yar Rijau, wadda ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, amma in ta ga taro sai muryarta ta gudu. Muka raba aiki: ita ta zana yadda iska take bi ta sama da ƙasan fiffike, ni na ƙera jirgin irin na Yaya, kuma ni ce mai bayani. Malam Bawa na fiziks ya yi ta bita da mu. Ko ya yi maganar karkatar fiffike, Allah ya sani. Yawancin lokaci idona yana taga, yana bin farin layi.

Ranar gasar komai ya tafi lafiya da farko. Rahila ta kunna fanka, jirginmu da yake rataye da zare ya ɗaga hanci, aka yi tafi. Sai ɗaya daga cikin alƙalan, wata malama da ta zo daga Minna, ta gyara tabarau ta ce, "Madalla, 'yan mata. Na ga kun mayar da fikafikan baya kamar na jiragen fasinja. Mene ne amfanin hakan?"

Rahila ta taka mini ƙafa, wato in ce ba mu sani ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don ga tambayar da na fi kowa sanin amsarta a faɗin jihar Neja. Na matso da lasifika, ta yi kukanta, na ce da ƙarfi:

"Saboda kewa, Malama."

"Saboda me?"

"Kewar gida. Jirgi yana tafiya ne ba da son ransa ba, shi ya sa yake miƙa hannuwa baya."

Kuma don kada a ce ban yi gwaji ba (gasar kimiyya ce fa), sai na duƙa, na miƙa hannuwana baya cikin hijabi, fanka ta cika shi da iska ya kumbura, na ɗan yi gudu a gaban tebur. Ni a raina Yaya nake gani a bakin tasha.

Daga can baya wani yaro ya ce, "To wa zai rarrashi jirgin?" Fili ya kece da dariya. Malam Bawa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Malamar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi, kallona ta yi a tausashe ta ce, "Wa ya tafi ya bar ki, 'yata?" Nan hawayen suka zubo, a lasifika, kowa yana ji.

Wasu samari masu injin ɓare gyaɗa ne suka tafi Abuja. Ni na samu suna, Hajiya Kewa, har na gama makaranta. A hanyar gida Rahila ta ce, "Ke, ƙafar da na taka ta katako ce? Wallahi da a cocinmu kika yi wannan wa'azin da an tara miki baiko." Sannan ta karɓi jirgin ta riƙe mini.

Darasin da na ɗauka shi ne, mutumin da ya riga ya rataya jaka ba a yi masa tambayar kimiyya. Duk abin da zai sa ki sakar masa riga shi zai faɗa.

Sai da na shiga jami'a na ji amsar gaskiya daga bakin wani malaminmu. In jirgi ya kusanci gudun sauti, iskar da take bi ta saman fiffike takan riga shi kaiwa, ta cure kamar bango, ta riƙe shi tana jijjiga shi. In an karkatar da fiffiken, iska ba ta dukansa gaba da gaba, a kaikaice take zuwa, wani kasonta ya zame ta tsawonsa, sai fiffiken ya ji kamar gudun bai kai haka ba. Ashe ba gida suke miƙa wa hannu ba, dabarar ƙara sauri ce.

Amma malamin ya ƙara wani abu da ya sa na ajiye biro. Ya ce irin wannan fiffike ba ya ɗaukar nauyi sosai in gudu ya ragu, shi ya sa jirgin yake buƙatar dogon fili da ƙarin farantai da ake zarowa a bayan fikafikai kafin ya taɓa ƙasa lafiya. Tafiya ya iya. Saukowa ce take ba shi wuya.