Ranar da Goggo Ta Zo Gaida Mutumin Talabijin

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a ƙauyenmu na kusa da Hajj Abdalla, ranar da na roƙi Allah a ɗauke wuta, wuta ta ƙi ɗaukewa. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin lantarki bai daɗe da shigo mana ba. Yayana da ke aiki a Saudiyya ya aiko da talabijin da dish, maigidana Adamu ya hau rufin ɗaki ya kafa shi, ya danne da bulo huɗu. Ni dama ba mai yawo ba ce, ko Wad Madani sai asibiti ya kai ni, sai ga duniya ta biyo ni har tsakar ɗaki.

Akwai wani musalsal, wato wasan kwaikwayo, na Turawa da ake nunawa kashi-kashi duk Talata bayan la'asar, a maimaita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Tsoho ne ƙwarai, launinsa ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Wani dattijo ne mai furfura, yana da inji mai kama da injin niƙa. In ya tura ƙarfen gaba, sai ya faɗa zamanin da bai zo ba, in ya jawo shi baya, sai ga shi cikin mutanen da suka mutu tun tuni. Turanci ba na ji. Rubutun Larabcin da ke ƙasa kuwa gudu yake, ni da na tsaya aji uku, kafin in haɗa kalma biyu an wuce. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga muryar mutum na san maƙaryaci ne, daga kiɗa na san yanzu za a kama wani. Abin da ban gane ba sai in cike da nawa (kuma ba yabon kai ba, nawa ya fi nasu daɗi).

Duk Laraba da hantsi, matan da ba su tafi gona ba sai su taru a rumfata shan jabana, wato gahawa. In soya gahawa, in daka citta, turaren wuta na tashi, maƙwabciyata Zainabu ta miƙe ƙafa ta ce, "Yalla, ya zola, maza ba mu labari, ina tsohon ya faɗa jiya?" Ni kuwa in gyara zama. Har muryarsa nake yi. Ba ni da karatu, ba ni da gona tawa, amma ranar Laraba ni ce mai gari.

Sai wata Talata aka ɗauke wuta tun azahar, ba ta dawo ba sai da aka gama wasan. Washegari rumfa ta cika fiye da kullum, har wata ta tsallako tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, da baƙuwarta daga Damazin, wai ta kawo ta ta ji bakina. Abin da ya kamata in ce shi ne ban gani ba. Kalma uku kacal. Na dubi idanun da ke kallona, bakina ya ƙi.

A gefe, bisa angarib, gadon nan namu na igiya, Goggo Hauwa na kwance ta rufe fuska da tob, mayafin nan namu. Yayar mahaifin Adamu ce, ta haura tamanin. Tana ƙarama ƙwarai aka taho da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙasa, cikin ayarin masu niyyar hajji, shekaru suna tafiya. Mahaifiyarta ta rasu a hanya, kusa da wata rijiya, ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta. Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari ina tsefe mata kai: baƙin jaki mai tsagaggen kunne, ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, mace mai shuɗin zane tana daka tana waƙa. Na ɗauka barci take, ga shi dama kunnenta ya yi nauyi.

Na ce, "Jiya baya ya jawo ƙarfen. Sai ga shi a daji, gaban wani ayari na Hausawa."

Mata suka ce, "Hausawa? A wasan Turawa?"

Na ce, "Da idona." (Allah ya yafe mini.) Na kawo rijiyar, na kawo jakin, na kawo ƙwaryar, na kawo mai shuɗin zane da 'yar yarinya riƙe da gefen zanenta. Baƙuwar Damazin har ta fara share hawaye. Ina cikin jin daɗin kaina sai na ga tob ya motsa.

"Ke ɗiyata," in ji Goggo, ta tashi zaune. "Jakin ga, mi launinai?"

A nan ma ƙofa a buɗe take, da na so fita. Na ce, "Baƙi, Goggo."

"Kunnenai fa?"

"Tsagagge."

Ta dafa ƙirji. "Innata ce. Wallahi innata ce. Yaushe za shi sake nuna ta?"

Kafin in yi magana Zainabu ta yi caraf ta ce, "Juma'a ake maimaitawa, Goggo, bayan masallaci."

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon kisra, abincinmu na kullum, ba. Na faɗa wa Adamu, ya yi dariya har ya ƙware, sannan fuskarsa ta canza ya ce in je in gaya mata gaskiya. Na tafi sau biyu. Na farko na tarar tana turara tufafinta. Na biyu tana gaya wa wata tsohuwa cewa ta manta fuskar innarta tun tana budurwa, jibi za ta tuna. Na gaishe su na dawo. Na roƙi Adamu ya hau ya karkatar da dish, ya ce shi ba zai yi wa Goggo ƙarya ranar Juma'a ba. Saura wuta. Wutar da ba ta taɓa yin yini guda cur ba, ita na dogara da ita.

A wajenmu, in matafiyi ya zo daga yamma, duk mai dangi can yakan yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya ɗauki ɗan abin hannu ya je gaisuwa, ya tambayi labarin nasa. Haka Goggo ta yi. Tun kafin a sauko masallaci ta iso cikin farin tob ɗinta na Idi, da tasa cike da dabino, da tsofaffi mata biyar a bayanta. Daga baya Malam Isa, ɗan'uwanta da suka taho ayari ɗaya, ya shigo da sandarsa. Matan jabana suka cika ƙofa da taga. Fanka na juyawa a sama lafiya lau, kamar da gayya.

Kiɗan wasan ya tashi, dattijon ya fito. Goggo ta ajiye tasar a gaban talabijin, ta ce, "Salamu alaikum, bawan Allah. Sannu da hanya."

Ya kama ƙarfen. Ya tura shi gaba.

Sai ga wata ƙasa ba itace ko ɗaya, sama ja wur. Mutanen cikinta sun sa kaya masu ƙyalli kamar takardar alewa, kawunansu kamar buta, suna magana ta hanci. Malam Isa ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Waɗanga su na mutanen Sakkwato?"

Wata ta tuntsire a taga, aka zungure ta. Goggo ta ɗaga hannu. "Ku bari. Ba su iso rijiyar ba tukuna."

Wannan maganar ta fi mini mari zafi. Haka ta zauna tun daga farko har ƙarshe, ba ta jingina ba, duk sanda aka canza wuri sai ta miƙa wuya. Ni kuwa ina bayan ƙofa, gumi na bin bayana, ina ƙirga kawunan buta. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, ta juyo tana nemana da ido.

Na rarrafo na durƙusa a gabanta. Na ce, "Goggo, ranar Talata babu wuta. Ban ga komai ba. Labarinki ne na ɗauka na ba mata. Ki yafe ni."

Zainabu ta ce, "Sajami!" wato na shiga uku, ta rufe baki. Malam Isa ya yi salati. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran kuka ko zagi, ban san wanda ya fi ba.

Goggo ta dubi talabijin. Can ta ce, "Kashe abin ga." Aka kashe. "To, faɗi. Daga wurin rijiya. Yadda kika faɗa ranar Laraba."

Na fara. Ban yi nisa ba ta katse ni. "Ƙarya. Ba daka take ba, niƙa take." Na gyara. "Ƙarya. Ni ba zanenta na riƙe ba, ɗan yatsanta." Malam Isa ya ce a'a, rijiya biyu ce, ta ce shi me ya sani, yana goye. Daga nan labarin ya bar hannuna. Ita da shi suka yi ta ja, suna tuno sunayen garuruwa da na matattu, har waƙar niƙan ta rera, wadda ban taɓa jin ta kai ƙarshenta ba sai ranar. Aka yi la'asar ba wanda ya tashi. Da ta gama ta share ido da bakin tob, ta ce, "Innata tana da wushirya. Yanzu na tuna."

Na raka ta har ƙofar gida. Sai ta tsaya ta ce in koma in ɗauko mata tasarta. Na kawo, na ce, "Goggo, a juye dabinon?"

Ta ce, "A juye wa wa? Na baƙo na, baƙo bai zo ba. Ke kuwa ladanki na wurin Allah, in ya ga dama."

Ta ɗora tasar a ka ta tafi da abinta.

Tun daga ranar na koyi cewa ban gani ba, in ban gani ba. Ina dai ƙoƙari. Amma har yau in aka tambaye ni labarin bikin da ban je ba, sai na cije leɓe, don na riga na san kalar kayan amarya.