Alƙiblar Alhaji Tanimu Sha-Yawo

Wani mutum ne a garinmu, can ƙasar Gumel, ana ce masa Alhaji Tanimu Sha-Yawo. In kuna ganin kun taɓa zama da mai cika baki, ku ajiye naku a gefe, ba ku ga komai ba. Tun yana saurayi ya ɓace daga gari, shekara da shekaru ba amo ba labari, har 'yan'uwa sun fara yi masa sadaka. Kwatsam rannan sai ga shi ya diro daga motar kasuwa, da makawiya a kafaɗa, haƙorin Makka yana walƙiya a baki. Daga ranar ya zama Alhaji. Akwai masu tsegumin cewa a Shagamu aka gan shi yana ɗaurin goro, amma wa zai tsaya musu da haƙori?

Majalisarmu a gindin durumi take, ƙofar gidan Alhaji Mamuda mai fataucin riɗi. Da Tanimu ya zauna, shi ke nan, duniya ta shiga uku.

"Indiya? Ai ga ta nan bayan Misira. Na sha karya kumallo a Alƙahira in ci abincin rana a Bombai. A ƙafa kuwa!"

Mu ce, "Ikon Allah!"

"Landan da Amurka kwalbati ne kawai tsakaninsu. Yara ma tsallakawa suke yi su sayo kalanzir."

Mu ce, "Kai, duniya da faɗi!"

"Ran da gari ya yi garau, in ka hau dutsen Arfa ka ɗan yi ɗage, kana hango fitilun ƙasar Sin."

To mu me muka sani? Yawancinmu wanda ya fi kowa nisa shi ne wanda ya je Kano ganin likitan ido. Kuma a lokacin cewa muke yi, sanin inda wata ƙasa take ba ya ƙara wa mutum ko mudun gero, a bar mai haƙori ya yi ta zuba.

Mutum ɗaya ne abin ke ci masa rai, Malam Jafaru, tsohon malamin makaranta. Yana da wata ƙwallo mai zanen duniya da ya yi ritaya da ita, in ka juya ta sai ta yi ƙara, ƙiii. Duk sanda ƙaryar ta yi masa yawa sai ya shiga gida ya ɗauko ta. Tanimu ya kalle shi sheƙeƙe.

"Malam, mai da wa jikokinka ƙwallonsu. Kai da yatsa ka zaga duniya, ni da tafin ƙafa."

Ana nan sai Alhaji Mamuda ya ce zai biya wa mahaifiyarsa, Inna Tabawa, Umara. Tsohuwa ce tukuf, ba ta da wani buri a duniya sai ta ga Ɗakin Allah da idonta kafin ta cika. Ƙaninta Baba Ado zai raka ta, da wasu dattawa biyu na dangi. Shi Mamuda ba zai samu zuwa ba, kakar riɗi ta kama. Saura kujera ɗaya, ta jagora. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa wanda ya kai masa tsohuwa ya dawo da ita lafiya, shi zai riƙa jan duk tawagar da zai tura kowace shekara. Hankalinsa ya fi karkata ga Malam Jafaru, tunda yana karanta Larabci da boko.

Tanimu ya ji wannan, sai ya shiga lissafi. Kujerar Makka kyauta, duk shekara, a ce ta tafi hannun mai ƙwallo? Ina! Ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sannan ya zo majalisa da fara'a, har da miƙa wa Malam goro.

"Malam, don Allah a ƙara mana ilimi. Musulmin duniya ina suke kallo in za su yi salla?"

"Ka'aba mana."

"Wato gabas."

"Mu nan gabas take mana. Mutanen Madina kudu suke kallo. Na Pakistan da Indunusiya kuwa yamma."

Zumbur Tanimu ya miƙe, ya dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a kun ji? Yamma! Wai Musulmi ya ba gabas baya ya ta da kabbara!"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ku ma kun san garinmu. Salla gabas, yanka gabas, mamaci ma in an kwantar da shi gabas ake juya fuskarsa. Yaro ya karkace a sahu sai ka ji an daka masa tsawa, "Kai, kalli gabas!" Malam Jafaru ya ruga ya ɗauko ƙwallonsa, yana juyawa yana nuni, ko kallo bai ishe mu ba.

Tanimu ya juya wajen Mamuda, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Alhaji, ni ba kujera nake nema ba, na gaji da hawa jirgi. Inna nake tausayi. Tsohuwa ta je har ƙasa mai tsarki a juya mata ƙeya ga alƙibla? Ni na yi salla a ƙasashen da ba zan iya lissafawa ba, ban taɓa ganin wanda ya ba gabas baya ba sai mahaukaci."

Kafin magariba kujera ta zama ta Tanimu. Malam Jafaru ya rungumi ƙwallonsa ya shige gida, wallahi har ya ba ni tausayi.

Abin da ya biyo baya daga bakin Baba Ado na ji shi, ƙarshen kuma da idona na gani.

Tun a filin jirgi na Kano Baba Ado ya lura fasfon jagora sabo ne fil, ko lanƙwasa babu.

"Alhaji, ina hatiman ƙasashen?"

"Tsohon ya cika maƙil, gwamnati ta karɓe ta ajiye a gidan tarihi."

Jirgi ya ɗaga, wuuu! Sai ga Sha-Yawo ya runtse ido, ya damƙe cinyar Baba Ado, yana jero duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa.

"Alhaji, lafiya? Ba ka saba ba?"

"Jiragen yanzu ne ba su da nauyi. Na zamaninmu ko shayi ka ɗora ba ya motsi."

Harami kuwa da aka zo ɗaurawa, nasa sai zamewa yake yi. Ya ce yadin bana santsi gare shi.

Suka sauka Jidda, aka zuba su a bas. Gajiya ta kwashe tsofaffi, kowa ya yi ta gyangyaɗi. Da aka shigo Makka bas ta bi ta hanyoyin nan da aka fafe cikin duwatsu, ba ta tsaya ba sai a ƙarƙashin otal. Daga nan sai lifta, suuu, har can sama. Ba wanda ya ga komai na gari. Aka buɗe musu wani faffaɗan ɗaki, taga guda katafariya, an rufe ta ruf da labule mai kauri.

Ƙafafun Inna sun kumbura, ga azahar da la'asar ba a yi ba. Aka ce a haɗa su a nan ɗaki, a ɗan huta, sannan a sauka ɗawafi. Inna ta shiga alwala. Baba Ado ya ɗaga kai ya ga wata koriyar kibiya an liƙa a rufin ɗaki, tana nuna taga.

"Alhaji, wannan ba alamar alƙibla ba ce?"

Tanimu ya yi dariya har haƙori ya haska.

"Ƙauyanci dai bai yi ba. Hanyar gudu ce in gobara ta tashi."

"Ta taga? A wannan uban benen?"

"Larabawa ne, ba ka san su ba."

Ya nuna labule, inda hasken rana ke dukansa ta waje har ya yi ja.

"Kun ga rana? La'asar ta yi, ta karkata. To nan ne yamma. Ko a ƙauyenku wa ya taɓa kallon faɗuwar rana ya yi salla? A ba ta baya!"

Aka shimfiɗa dardumai, an ba taga baya, ana fuskantar wani ɗan firji da ke jikin bango. Da a nan ya tsaya, da wataƙila asirinsa ya ƙara kwana. Amma ina, mai son a gani ba ya iya haƙuri. Ya zaro waya ya kira Alhaji Mamuda ta bidiyo, ya jingine ta a kan firjin tana kallonsu, wai don mutanen gida su shaida sallarsa ta farko yana limanci a ƙasa mai tsarki.

Mu kuwa muna gindin durumi, muka yi caa a kan wayar Mamuda, kai bisa kai.

"Alhaji Mamuda, mun sauka lafiya! Azahar da la'asar za mu haɗa."

"La'asar?" in ji Mamuda. "Mu yanzu muka idar da azahar."

"Ladaninku ne ya makara. Ina Malam Jafaru? A matso da shi gaba, ya zo da ƙwallonsa, ya ga yadda ake kallon gabas a Makka."

Aka matsa wa Malam ya zauna a gaba. Ya ɗora ƙwallonsa a cinya.

Tanimu ya gyara harami, ya yi gyaran murya, ya lumshe ido, ya shiga jan iƙama da wata murya da ba mu san shi da ita ba, har da karkarwa. Daidai nan muka hango Inna Tabawa ta fito daga alwala tana dogara bango, tana mita.

"Wannan ɗaki duhu kamar rumbu. Ina na yar da carbina ne?"

Ta lalubi labule ta ja. Shaaa!

Jama'a, ko mu da ke kallo ta waya sai da tsigar jikinmu ta tashi. Ga masallaci nan shimfiɗe a ƙasa, fari tas, ga hasumiyoyi, ga Ka'aba a tsakiya, mutane na kewaya ta kamar ana juya fura a ƙwarya. Inna ta dafa gilashi da hannu biyu, ta fashe da kuka.

"Allahu Akbar! Ado, zo ka gani! Ga Ɗakin Allah! Ashe zan gan shi!"

Baba Ado ya waiga. Dattawan nan biyu suka waiga. Kafin ka ce me, kowa ya ja dardumarsa ya juya, suna hawaye suna kabbara. Aka bar liman shi kaɗai, ido a rufe, hanci na kallon firji.

"Ku daidaita sahu," in ji shi. "A cike gibi."



Mamuda ya kai bakinsa jikin waya.

"Tanimu."

Ko Alhajin bai sa ba. Tanimu ya buɗe ido ɗaya.

"Tanimu, mene ne wancan a bayanka?"

Ya waiga a hankali. Ya kalli taga. Ya kalli firji. Ya sake kallon taga. Bakinsa ya buɗe, haƙorin nan ya fito, amma wannan karon ko ƙyalli bai yi ba. Harami ya fara zamewa, ya cafe da hannu ɗaya.

"Af... to ai... sun yi gyara ne. Aikin faɗaɗa masallacin nan. A zamaninmu ta can ɓangaren yake."

"A'uzubillahi!" in ji Baba Ado.

Gindin durumi ya kece da dariya. Wani ya faɗo daga benci, tim! Wani yana ihu yana cewa a tambaye shi nawa ake sayar da huhun goro a Shagamu. Malam Jafaru dai bai yi dariya ba. Hannu kawai ya sa ya juya ƙwallonsa sau ɗaya, ƙiii, kuma na rantse har Makka an ji wannan ƙarar.

Mamuda ya ce, "Baba Ado, karɓi fasfon kowa daga hannunsa. Daga yanzu kai ne jagora. Baɗi kuma Malam Jafaru ya shirya."

Amma kun san mai taurin kai. Tanimu yana nan tsaye kan dardumarsa, gumi na tsiyaya, yana ƙunƙuni.

"Ni dai abin da na sani, gabas gabas ce. Tun kakanni..."

Sai Inna Tabawa ta share hawaye da bakin mayafi, ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce da shi cikin lallashi:

"Ɗan nan, kada ka takura kanka saboda mu. Mu dai iya nan aka biya mana, kuma mun iso. In taka Makkar tana gaba, bismilla, ci gaba da tafiya. Allah ya kiyaye hanya."