Ustaz Medhat Ya Toshe Taga

Duk Iskandariyya babu wanda ya fahimci teku kamar Ustaz Medhat, tsohon jami'in kwastan, kuma shi da bakinsa ya shaida hakan. Talakawa da ido suke kallon zanen bakin teku. Shi kuwa sai ya matsa kusa, ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce, "Akwai kaɗaici a cikin wannan shuɗin." Shi ya sa a shagon gahawa ake kiransa Baban Shuɗi, ya kuma ɗauka sarauta aka ba shi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shugabancin Ƙungiyar Masoya Zane. Ƙuri'u sun rabu daidai tsakaninsa da wani ɗan takara, saura ta Madam Nargis, tsohuwar mai zanen da kowa ke shakka. Nan da nan ya sayi babban zanenta na hadari a kan teku. Sai dai falonsa babu bangon da zai ɗauke shi, wata ƙatuwar taga mai kallon teku ta cinye wurin. Ya kira magina.

Matarsa Afaf, mai kiransa Abu Tarik, ta ce, "Abu Tarik, ka haukace ne? Ni fa rabin aurenmu don tagar nan na yi shi!"

"Ke ba ki san fasaha ba. Wancan tekun ba shi da tsari, yau fushi gobe dariya, ga ƙarnin kifi. Na Madam kuwa ya san abin da yake ji."

Aka jera bulo, aka shafe, aka rataya zane. Falo ya yi duhu ya ɗau zafi, ya ce ai wannan shi ne yanayi.

Ranar walimar da ya shirya don nuna zanen, Madam Nargis ta hauro benen gidansa tana haki. Baban Shuɗi ya dafa ƙirji ya soma jawabi: "Jama'a, ku saurari kukan gajimaren nan!" Ita kuwa sai waige-waige take yi.

"Ɗana, ina tagar? An ce mini daga falonka teku ya fi kyau a duk garin nan. Don shi na wahalar da gwiwoyina."

Afaf ta nuna bangon da cokalin shayi.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon zanenta, sannan ta laluɓi sandarta.

"Irin wannan ai don mutanen Alƙahira nake yi, bayin Allah da ba su da teku. Wa zai kai ni gidan ɗaya ɗan takarar? Allah ya sa shi yana da taga."