Famfon Layinmu Ya Shiga Gidan Tarihi

Jama'a, yau da safe saura ƙiris a kore ni daga gidan tarihi, ni da jarkokina. Sabon mai gadi aka kawo, bai san ni ba. Ya tare ƙofa ya ce, "Baba, nan fa ba gidan mai ba ne."

Na ce, "Ɗana, ba mai nake nema ba, fasaha na zo kallo."

Ya dubi jarkokin. Na ce, "Da su nake kallo." Sai da wata tsohuwar ma'aikaciya ta leƙo ta ce a bar ni, ɗan layin famfo ne. Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

A bakin layinmu akwai famfo. Ranar da aka ƙaddamar da shi ya yi tari, ya tofar da laka, ya yi shiru. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu gemu suke askewa. Mun yi sintiri ofis-ofis har takalma suka cinye, amsa ɗaya ce: ana dubawa. Daga ƙarshe akuya muke ɗaurewa a jikinsa.

Wanda abin ya fi ci shi ne maƙwabcina mai wanki. Kullum sai ya tura baro har bayan gari neman ruwa, ga gwiwa ta fara gardama, masu kawo kaya kuma sun fara sulalewa. Ya ce min wata na ƙarewa zai naɗe igiyar shanyarsa ya bar unguwar. Wallahi raina ya ɓaci. Benci ɗaya muke zama tun muna da baƙin gashi, kuma ban taɓa ganin mai fitar da karin wando irinsa ba.

Sai ga 'yar ƙanwata, wadda ta yi karatun zane. Ba fure ko tsuntsu take zanawa ba. Tasu fasahar ta zamani ce: a ɗauko abin da kowa ya gaji da gani, a ajiye shi a farin ɗaki, a haska masa fitila, mutane su tsaya suna riƙe haɓa. An ba ta gurbi a baje kolin gidan tarihin da ke tsallaken titinmu, karo na farko a rayuwarta.

"Kawu, famfon nan nake so."

"Ki yi me da shi?"

"Gidan tarihi zan kai shi. Abin da ya daina aiki ai can ne gidansa."

Mai wanki da kansa ya kawo sifana. Aka kafa famfo a tsakiyar ɗaki, busasshen bokiti a ƙarƙashinsa, da ɗan kati mai ɗauke da sunan aikin: Ana Dubawa. Dabararta ita ce ranar buɗewa babban baƙo ya murɗa a gaban 'yan jarida, iska ta fito, kunya ta kama shi. Babban baƙon kuwa shi ne Mai Girma Uban Almakashi, Garkuwan Jawabi, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a miƙe ya bar shi ba.

Yarinya ta yi karatu, amma ba ta san kwamitin tarba ba. Waɗannan bayin Allah aikinsu ɗaya ne: inda idon Mai Girma zai sauka a shafa fenti, ramin da tayarsa za ta taka a cike. Inda ba zai bi ba kuwa, Allah ya kyauta. Ana gobe biki suka shigo zagaye. Shugabansu ya murɗa famfo, ya ji wayam, ya dafe ƙirji.

"Famfo ba ruwa a gaban Mai Girma? So kuke a raba mu da kujerunmu?"

Daraktan gidan ya fara bayani cewa ai rashin ruwan shi ne fasahar.

"Fasaha ko ba fasaha ba, in ya murɗa fa?"

Kafin la'asar an fasa tayil, an jawo bututu daga rijiyar burtsatsen da ke shayar da furanni, an yi magudana, an goge famfo yana ƙyalli. Ina jinjina musu, jama'a. Ashe sun iya aiki, ba a dai taɓa ajiye matsalarmu a inda ya dace ba ne.

Ranar biki 'yar ƙanwata ba ta san komai ba. Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, a murɗa a gani." Ya murɗa. Ruwa ya ɓalle shaa, har ya fantsama masa a takalmi! Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai Girma, da yake ba ya barin alheri ya wuce shi, ya karɓi lasifika ya sanar cewa ya ƙaddamar da sabon aikin ruwa. Washegari aka manna allon marmara mai sunansa, wanda ya fi famfon girma.

A ranar bikin dai, yarinya ta same ni a lungu tana hawaye. "Kawu, sun kashe min aiki!" Na waiga in nemi mai wanki ya taya ni rarrashi, ashe mutumin tuni ya tsallaka titi ɗauko baro, gwiwar ma ta manta da ciwo.

Bayan kwana biyu, da layin bokitai ya kai bakin ƙofa, Darakta ya fito da niyyar rufe ruwan. Na gaishe shi da ladabi na ce, "Yallaɓai, gidanka ne, a rufe. Sai dai wa zai je ya shaida wa Mai Girma cewa aikinsa ya tsaya?" Ya dubi allon marmara, ya ce mu riƙa goge ƙafa kafin mu shiga.

Gidan da a da masu gadi ne kawai ke hamma a cikinsa, yanzu cike yake. Uwargidana tana jiran layi tana musu da matar tela a kan wani zane, ko guguwa ce ko cunkoson motoci. Baƙi suna ɗaukar mu hoto, a zatonsu muna cikin aikin. 'Yar ƙanwata ta share hawaye, ta ce ai kuwa muna ciki. Mai wanki ya ƙara igiya ta biyu, maganar tashi kuma ko a mafarki.

Jiya na hango yarinyar da tef tana auna taransifomarmu, wadda tsuntsaye suka yi sheƙa a cikinta. Ta ce matsalar ɗaya ce, ƙofar gidan tarihin ta yi mata kaɗan. Na ce kada ta damu, a dai ce Mai Girma ta nan zai bi. Kafin la'asar an faɗaɗa ta.