Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Gadar Baba Saje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da kwalbatin hanyar gonakinmu ya rufta, can tsakanin Kura da Bunkure, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauye. Ni dillalin tumatir ne. Da kwando ɗaya a kai na fara, ko akuya ban gada ba, saboda haka ina da cutar nan ta waɗanda suka tashi da ƙafarsu: gani nake babu abin da ya fi ƙarfin kaina.

Ranar Litinin kwalbatin ya rufta, ranar Alhamis kuma Alhaji Nasidi zai zo. Babban mai saye ne, gingimari yake lodawa zuwa kudu. Shekara uku ina bin sa ya ba ni dillancin kaka guda, sai a wannan shekarar ya ce zai zo da kansa ya ga yadda nake aiki. In mota ba ta shiga gona ba, zai juya wajen wani, shi ke nan na sake jiran wasu shekarun.

Ina tsaye bakin ramin ina ta lissafin yadda za a cike shi da ƙasa, sai wani dattijo mai sanda ya ce, "Yaro, in ka cike shi, ruwan noman rani da za a sako jibi ta ina zai bi? Ta ɗakinka?"

Baba Saje ke nan. Na san shi da noman albasa, na kuma ji ana cewa tsohon soja ne, amma ban taɓa tambayar me ya yi a sojan ba (ni a lokacin duk soja ɗaya ne: bindiga da tsawa). Ashe cikin sojoji masu gina gada yake. Shi tun yaƙin Bama na zamanin Turawa yake wannan aiki. Ya aika aka kira Kofur Audu, wanda ya yi nasa a yaƙin basasa, da wani Sani da bai daɗe da barin aiki ba bayan ya dawo daga Laberiya. Su ukun nan ba su taɓa aiki a wuri ɗaya ba, tsakanin Baba Saje da Sani ma akwai shekara ta fi arba'in. Amma da Sani ya iso sai na ga ya ƙame, ya haɗa ƙafa, Baba Saje ya ɗaga sanda ya ce, "Huta."

Abin ya ɗaure mini kai, sai na zauna kallo. Ba su tambaye ni komai ba sai nauyin motar in ta yi lodi da yawan tayoyinta. Baba Saje ya auna faɗin ramin da taku. Aka jawo sasin wata tsohuwar mota, wato ƙarafan gindinta, daga wajen masu walda, aka kawo gumagumai na giginya da buhunan yashi. Kowane gungume sai ya buga shi da sanda ya kasa kunne, ya ce wannan a kai, wannan a mayar.

"Baba, me kake ji a ciki?"

"Rami. Gara ta riga mu."

Kwana biyu ina damun su da tambaya. Na ce wa Kofur Audu, ku ma kuna harbi? Ya ce, "Ana dai harbin mu. Mai bindiga yana da damar kwanciya a ƙasa, mai ɗauke da ƙarfe a kafaɗa ina zai kwanta? In ka saki, ka karya mutum biyar." Ya ba ni labarin wani abokinsa, mutumin Binuwai, da suka yini cikin kogi ruwa iya wuya suna riƙe da igiya ɗaya, ba mai jin yaren wani sai ta ido. Sani ya ce su nakiya suka fi tonowa, a rarrafe, da ɗan tsinke. Baba Saje ya ce su a Bama har giwaye sun ja musu katako, Kofur ya ce, "Kullum giwayen nan ƙaruwa suke, bara biyu ne." Baba Saje ya ce, "Kai da aka haife ka ina da igiyar soja biyu a hannu, rufe mini baki."

Nawa aikin a wurin? Na sayo ƙosai da kunu. Na kuma yi ta cewa "a ɗan matsa dama" ba tare da kowa ya waiwaye ni ba.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji ya iso. Motar ta shiga gona ba kaya, ta haye lafiya lau, aka yi lodi. Kafin ta fito sai ya sauka ya zagaya gadar, ya tattaka ta, ya gyaɗa kai. Manoma sun taru, masu ɗaukar kwando sun taru. Ni kuma na sha farar shadda, sabuwar wayata na rataye a wuya yadda kowa zai gani.

"Wa ya yi wannan aiki cikin kwana biyu?"

Wallahi har yau ban san ta ina maganar ta fito ba. Ji kawai na yi bakina ya ce, "Ni na tsara ta, Alhaji. Dattawan nan suka taya ni da hannu."

Sani ya buɗe baki, Baba Saje ya tare shi da sanda.

"Haka ne, Alhaji," in ji shi. "To Injiniya, bismillah. Mu a aikinmu, ranar da mota ta farko za ta haye da kaya, wanda ya tsara gada shi ke shiga ƙarƙashinta ya tsaya. Haka Bature ya yi mana, haka muka yi wa na bayanmu. Za mu taya ka da tsayuwa."

Na dubi Alhaji ko zai ce a bari. Murmushi yake, ya ce lalle wannan tsari ya yi masa.

Na tattare shadda na gangara. Ruwa iya gwiwa, laka tana tsotsar takalmi. Daga sama gadar nan kyakkyawa ce. Daga ƙasa kuwa sai na ga ashe itace ne kawai da tsohon ƙarfe, kuma tazarar da ke tsakaninsu da hulata ba ta fi taƙi ɗaya ba. Baba Saje ya tsaya a tsakiya ya ɗora tafin hannu a jikin gungume. Kofur yana cin goro. Sani ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Oga, kada ka kalli sama."

Sai na kalli sama.

Tayoyin gaba suka hau. Gadar ta yi wani nishi kamar saniya za ta tashi. Yashi ya zubo mini a ƙeya. Da tayoyin baya suka hau, wani abu ya ce ƙas! Ni dai ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Ta karye! Wayyo Inna, ta karye!" (Inna ta shekara tara da rasuwa.) Na zabura zan haye gangaren, santsi ya kwashe ni, na dawo cikin ruwan rub da ciki. Direba ya ji ihu ya taka birki a tsakiyar gada, sai da Kofur ya daka masa tsawa, "Wuce, kai!" sannan ya ƙarasa.

Da na ɗago kai, laka har cikin hanci, waya tana ɗigar ruwa, su ukun suna nan inda suke. Baba Saje ko hannunsa bai janye ba. Ya ce wa Sani, "Gungume na uku ya zauna. A ƙara masa buhu biyu." Sannan ya dube ni. "Itace ne yake gyara zama, Injiniya. Ai kai ka tsara."

Dariyar da aka yi a bakin ramin nan, ina jin har Bunkure an ji ta. Wata mai tallan fura sai da ta sauke ƙwaryarta don kada ta zubar.

Alhaji bai yi dariya sosai ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya jira na hauro, ya ce, "Tumatirinka mai kyau ne, wannan lodin na ɗauka. Amma ni ina can kudu nake aiko da mota, abin da dillali ya faɗa mini shi ne idona. Kai kuwa ina tsaye a gabanka ka faɗa mini abin da ba a yi ba." Dillancin kakar wani ya ba wa. Ban yi musu ba, don da ni ne shi, abin da zan yi ke nan.

Da mutane suka watse, ina zaune ina matse riga, Kofur Audu ya miƙo mini ɓarin goro. Ya ce, "Kada ka damu da gudun. Ni ranar farko sai da sajenmu ya riƙe ni ta bel, kuma wandon da na shiga da shi ba shi na koma da shi bariki ba." Sani ya ce shi ma addu'ar cin abinci ya yi ta karantawa. Baba Saje ya ce shi bai taɓa gudu ba, Kofur ya ce ai duk shaidun sun mutu.

"Gudu kowa ya yi," in ji Kofur. "Amma mu sai da muka ɗauki ƙarfen tukuna."

Na nemi gafararsu, suka yafe, amma sunan bai yafe ni ba. Har yau in na shiga kasuwar Kura sai na ji an ce, "Injiniya, an gama tsarin?" Nakan amsa, don na ga in ka yi fushi abin ƙaruwa yake. Abin da dai na ɗauka shi ne, yanzu in aka yaba wani aiki a gabana, bakina ya fara ƙaiƙayi, nakan fara leƙa ƙarƙashinsa in ga ko zan iya tsayuwa. Yawanci sai in ce ni ƙosai na sayo.