Yadda Za Ka Auna Haɗari a Kwatano Ba Tare da Takalminka Ya Jiƙe Ba

Kai da ka gama digiri na biyu kake zaune gidan tsohuwarka kana cinye mata akasa, tuwon kamun masarar nan, da miyar kifi, matso kusa. Ni ne Dakta Sossa Agbangla, malamin darasin auna haɗarin kasuwanci a wata jami'a mai zaman kanta a nan Kwatano. Ka bi matakan nan sau da ƙafa, ni kuma na yi maka alkawari kafin kwat ɗinka ta koɗe ka sayi mota, kuma ba mahaluƙin da zai kama ka da ƙarya.

Zan yi maka misali da aikin da na fi alfahari da shi, na Maman Senami mai sukari. Da tire a ka ta fara, tana sayar da ƙwaya-ƙwaya, ta yi ta ƙulle-ƙulle har ta kama sito a wata unguwa ta bakin tafki. Kamfanin inshora ya ce ba zai karɓi kayanta ba sai da rahoton masani. Duk abin da ta tara a duniya yana cikin buhunan nan.

Mataki na ɗaya: Zaɓi watanka

A Agusta ake zuwa duba wuri. Ruwan sama ya ɗauke, ruwan kogunan arewa bai gangaro ya cika tafki ba tukuna, ƙasa ta bushe ƙayau. In aka kira ka a wani watan, ka ce kana taro a ƙasar waje. Masanin da ake samu duk lokacin da aka neme shi, ai ba masani ba ne.

Mataki na biyu: Dubi sama

Ka sauka daga zem, wato acaɓa, nesa da wurin, kada a gan ka a bayan babur. Da ka shiga sito, ɗaga kai. Dubi kwano, dubi wayar lantarki, ka ce “hmm” ka rubuta. Duk matsalar garin nan daga ƙasa take fitowa, saboda haka kada ka kuskura ka sunkuya.

A siton Maman Senami akwai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye bango, daidai ƙugun mutum. Ita ce ma ta nuna mini.

“Ɗana, wannan layin fa? Mai gidan da ya ba ni haya ya ce fenti ne ya ƙare musu a nan.”

“Tanti, haɗari kika kira ni in auna, ko fenti?”

“Yi haƙuri, Dakta. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na kira ka.”

Ka ji wannan maganar? Duk sana'armu a kanta take zaune.

Mataki na uku: Cika jadawali

Zana jadawali mai launi uku: ja, rawaya, kore. Kowane haɗari ka ba shi maki biyu, na yiwuwar aukuwa da na girman ɓarna, ka ninka su. Lambar daga kanka za ta fito, amma da zarar an ninka ta, ta zama kimiyya.

Ka zuba haɗurra da yawa don a san ka wahala. Na sa mata ɓera, gobara, rufe iyakar Najeriya, 'yan fashin teku, har da girgizar ƙasa. Ɓera na ba shi rawaya, na ba da shawarar a nemi kyanwa. Lallai ka bar rawaya guda, domin rahoton da ya yi kore gaba ɗaya ko yaron goye zai yi zarginsa.

Mataki na huɗu: Fitar da ruwa daga takarda

Nan ne ake bambanta Dakta da ɗalibi, don haka buɗe kunnenka. In ka sa ambaliya a jadawali, yiwuwarta sama, ɓarnarta sama, ja wur za ta fito. Inshora ta tsawwala, mai kaya ta fasa, mai gida ya yi fushi, kai kuma a daina kiranka.

To me littafi ya ce? Haɗari shi ne abin da ba a da tabbacin aukuwarsa. Ruwan unguwar nan kuwa duk Satumba sai ya zo, bai taɓa saɓa alkawari ba. Abin da aka tabbata zai zo ba haɗari ba ne, yanayi ne. Yanayi kuwa aikin masu hasashen yanayi ne, ofishinsu daban. Shi ke nan, ka cire shi da hujja, har da sunan littafi a ƙasan shafi. Na koyar da wannan a aji, wallahi har tafi aka yi mini.

Mataki na biyar: Miƙa rahoto

Da Faransanci mai ƙashi za ka rubuta, irin wanda ko Bafaranshe sai ya nemi ƙamus. A yi masa bango mai sheƙi. Maman Senami ta juya shafuka har ta iso wurin launuka, nan ne kaɗai ta tsaya.

“Ɗana, tsakaninka da Allah, in zuba kaya?”

“Tanti, me idonki ya gani?”

“Kore.”

“To ni me zan ƙara?”

Lura da kyau: ban ce ta zuba ba. Ranar ta dafa mini amiwo, jan tuwon masara, da kaza guda, ta haɗa mini da kwalbar giyar sodabi, ta yi ta sa mini albarka. Ka ci, kada ka yi fulako. Ƙin cin abinci yana jawo tambaya.

Mataki na shida: In ruwa ya zo

Zai zo. Ranar da ya shiga siton ko ɗigon ruwan sama babu, rana tau, tafki ne kawai ya taso ya dawo inda ya saba, daidai layin nan. Sukari kuwa ba ya jayayya da ruwa. Da aka buɗe ƙofa, buhunan duk sun kwanta kamar rigunan wanki. Inshora ta buɗe rahotona ta ce abin da ke jadawali shi ta ɗauka, ambaliya ba ta ciki. Da ɓera ne ya yi ɓarnar, da sun biya.

Ina tsakiyar darasi ta shigo ajina, zaninta jiƙe har gwiwa, ta dire gorar ruwa a kan teburina.

“Dakta, ga sitona nan na kawo maka. Wane launi ne wannan?”

Kada ka gudu, kada ka ba da haƙuri. Haƙuri amsa laifi ne. Gyara tabarau na yi na ce, “Tanti, a ilimance wannan ba haɗari ba ne.”

“To mene ne, ɗana? Gaya mini sunansa, in san abin da ya cinye ni.”

“Yanayi.”

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gorar ta ɗauka ta fita. Ni kuwa na juya ga ɗalibai na ce su rubuta shafi biyu a kan abin da suka gani, zai fito a jarrabawa. Kada ka bari ko musiba ta wuce ba ka ci moriyarta ba.

Sanarwa

Duk abin da ya biyo bayan bin wannan jagora, ba ruwan marubucinta: asarar dukiya, hawan jini, ko sunan da zai manne maka. Maman Senami ta koma tire, kuma duk faɗin Kwatano ba ta ga wurin zama ba sai ƙofar jami'armu. Da ta hango motata sai ta ɗaga ƙwayar sukari ta ce, “Dakta Kore, a sa maka nawa?” Yanzu har masu gadi haka suke kirana. Wannan ma ba haɗari ba ne, tunda kullum tana nan.

In taka ta same ka, bi ta ƙofar baya. Sai dai ka tuɓe takalmi ka naɗe wando, don tamu daga Satumba ruwa ne har gwiwa. Ni na auna wa jami'ar filin.