Kare Mai Rigar Gwamnati

"Ba zai shiga ba, Emmett. Karanta allon."

"Na karanta. Shi ne bai iya karatu ba."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ka ga ina dariya?"

Ni da Curtis ke nan, wata Asabar cikin watan jiya, a bakin tafkin gandun shaƙatawar jiharmu. Ajinmu ɗaya a sakandare. Da muka gama ni na kama aikin faci, shi ya zama malamin daji, da faffaɗar hula da baje a ƙirji. Ina tsaye rungume da karena Biskit kamar buhun siminti, don ƙafafunsa na baya sun daina jin magana. Likitar dabbobi ta ce in mayar da shi ranar Litinin, a yi masa allurar ƙarshe. Ta ce kafin nan in ba shi duk abin da yake so. Abu biyu yake so a duniya, cuku da ruwan tafkin nan. Cuku dai na saya.

A tafkin nan muka koyi iyo tare, ni da Biskit, lokacin da babana ke kawo mu mu kafa tanti duk bazara. Ban zo roƙon fili ba. So nake ya jiƙa jikinsa sau ɗaya, mu tafi.

Maƙwabciyata Mis Loretta ta fito daga akori-kurata tana dogara sanda. Ita ta tuƙa bas ɗin makarantarmu har ta yi ritaya. Ban gayyace ta ba. Cewa ta yi in aka bar ni ni kaɗai ba zan ci abinci ba.

"Wa nake gani haka? Curtis? Kai ne ka yi hula?"

"Barka da rana, Mis Loretta."

"Riƙe gaisuwarka. Yaron da na share amansa a kujerar baya har tsintsiyata ta san sunansa, yau shi ke tare hanya? Uwarka ta san abin da kake yi da ranar Asabar?"

"Don Allah, Mis Loretta. Ba ni na kafa dokar ba. A sansanin tanti kare na iya zama, da igiya ƙafa shida. Bakin ruwa kuwa a'a." Ya nuna wani dogon ƙarfe da haɓa. "Ga kyamara can tana kallona. In na bari, aikina ne."

Jama'a, kada ku zargi Curtis. Ɗan aike ba ya laifi. Laifin ma babu shi, sai hikima, irin ta manyanmu da talaka ba ya ganewa sai ya taka ta da takalmi.

Kun tuna lokacin zaɓe. Gwamnanmu, Mai Girma Mai Almakashi, gwanin yanka zaren buɗe aiki, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya zo nan rungume da ɗan kwikwiyon aro. Ya rantse zai ware wa karnuka bakin ruwa nasu na kansu. Muka yi tafi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Muka gani kuwa. Allo muka gani, an zana kare an ja masa jan layi. Wai don tsabta.

Sauran dokokin ma duk alheri ne. Ba a barin kare shi kaɗai a tanti. Ba a barinsa a mota. Ba a shiga da shi banɗaki. Wanda ya zo shi kaɗai da karensa, sai ya koyi haƙuri tun daga mara. Ni na koya.

To, labarin allon ya kai kunnen agwagin daji. Ƙattin nan masu baƙin wuya, masu huci kamar maciji. Da can ba sa iya sauka, don kowane kare a jihar nan yana korarsu kyauta, har da godiya. Da aka kori karnuka sai suka zo da 'ya'ya da surukai. Kafin bazara ta raba, yashin ya koma kore, mai santsi, saboda kashinsu. Aka auna ruwan, aka hana yara wanka. Tsabta ta tabbata.

Manya ba su yi barci ba. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zaga tafkunan wasu jihohi, musamman waɗanda ke da otal mai kyau a kusa. Suka dawo da kyarkeci na roba, aka kakkafa a yashi don tsoratarwa. Agwagin suka gode, suka yi sheƙa a inuwarsu. Aka sake zama, aka kira masana. Bayan dogon nazari masanan suka gano wani abu da ya girgiza ilimi: agwagwar daji tana tsoron kare.

Sai aka ba da kwangila. Wani kamfani zai riƙa kawo karnuka su kori agwagi. An ce mai kamfanin ƙanen matar Mai Girma ne, amma wannan katari ne kawai, kowa ma ƙanen wani ne. Karnuka da gudu, suruki da murmushi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Muna cikin musun nan sai ga farar motar kamfanin. Agwagin na hango ta suka miƙe, ba gaggawa, suka gangara cikin ruwa, suka yi jerin gwano zuwa tsakiyar tafki suka tsaya. Wata mace doguwa mai furfura ta fito, sunanta Darlene a rubuce a aljihun rigarta. Ta saki karnuka biyu, kowanne sanye da 'yar riga ruwan lemo mai tambari. Suka bi yashin nan da gudu, ba igiya, ba komai. Ɗaya ya je gindin allon ya ɗaga ƙafa.

Na dubi Curtis. "Waɗancan fa?"

"Ma'aikata ne."

"Karnuka ne."

"Ma'aikata ne, Emmett."

"Ikon Allah," in ji Mis Loretta. "Suna da fansho? Ana ba su hutun haihuwa? Ka ce in nemo wa kyanwata gurbi."

"Me ya raba su da nawa?" na tambaya.

Curtis ya sosa ƙeya, ya dubi karnukan, ya dubi nawa. "Riga," ya ce.

Aƙalla bai yi ƙarya ba. Ni ma na lura tuntuni, a ƙasar nan abin da ya raba mai laifi da mai aiki ke nan.

Darlene ta matso tana goge hannu a wando. Ba ta dube ni ba, Biskit ta duba. Ta shafa ƙugunsa, ta ɗaga leɓensa ta ga dasashi. Wanda ya tsufa cikin aikin karnuka ba ya buƙatar bayani.

"Yaushe ne?" ta ce.

"Litinin."

Ta gyaɗa kai. Biskit bai kula ta ba. Hancinsa na wajen ruwa, jikinsa na rawa a hannuna.

Mis Loretta ta nuna tsakiyar tafki da sanda. "Ke 'yar nan, ga ɓarayin can suna kallonki. Me ya hana naku ma'aikatan su bi su?"

"Kwangilarmu ta tudu ce, Mis. Ruwa na wani sashen ne."

"Wane sashe?"

"Ba a kafa shi ba tukuna."

"To in kun tafi fa?"

"Su dawo. Sun san motar. Sun fi ni sanin lokacin tashi aiki."

Ta koma mota ta buɗe baya, ta dawo da wata riga ruwan lemo, tsohuwa, duk gashi. Ta durƙusa ta sa wa Biskit, ta ɗaure masa a ƙirji a hankali.

"Kamfani na neman ɗan wucin gadi," ta ce. "An ɗauke shi."

"Darlene," in ji Curtis, muryarsa ta yi ƙasa. "Ke da bakinki kika ce kwangilar ta tudu ce."

"Sabon ma'aikaci ne. Bai gama sanin dokoki ba."

Curtis ya dubi kyamara. Ya dubi Mis Loretta, ta zuba masa idon nan da take zuba mana ta madubin bas. Ya dubi Biskit, wanda ya taɓa cinye masa burodi a gidanmu muna yara. Sai ya ɗaga hanci sama.

"Kamar ina jin ƙaurin hayaƙi daga wajen tantuna," ya ce. "Bari in duba. Zan daɗe."

Na tsallaka kashin agwagi da takalmin aikina, na shiga ruwa har gwiwa, har ƙugu. Na sassauta hannu. Da fari ya nutse har kunne. Sai na ga ƙafafun nan na baya, waɗanda suka ƙi ɗaukarsa zuwa kwanon abincinsa, sun fara motsi. Ruwa ba ya tambayar shekaru. Ya ɗaga kai, ya miƙe sak wajen tsakiya, rigar gwamnati na yawo a bayansa. Ya yi haushi ɗaya, a shaƙe, irin na tsoho.

Tafkin ya tashi. Ban taɓa jin ƙarar fukafukai irin wannan ba. Sama ta yi baƙi, suna kuka suna zagin kakanninsa, suka tsallake bishiyoyi suka ɓace. Ya yi kewaye ɗaya a inda suka tashi, kamar mai duba gona, sannan ya juyo wajena. Na karɓe shi. Ya lashi kunnena. Mis Loretta ta ce iska ce ta sa mata yashi a ido. Babu iska ranar.

Litinin ta zo. Ba zan yi maganarta ba.

Kyamara kuwa ta ga komai. Curtis ya kwana biyu yana jiran takardar kora. Sai ga takardar yabo. Ashe tun da aka fara kwangilar ba a taɓa samun hoton kare yana korar agwagwa a zahiri ba, sai wannan. Makon jiya Mai Girma ya zo da almakashinsa ya buɗe sabon allo, ƙato, mai fitila. A jiki ga Biskit cikin ruwa da rigarsa, agwagi na tashi. A gefe ga fuskar Mai Girma tana murmushi. Sama an rubuta cewa harajinmu na aiki. Ƙasa, da jan fenti, ba a shiga da kare. Agwagin sun dawo tun washegari. Sun fi son sabon allon, inuwarsa ta fi faɗi.

Ni ba na ƙorafi. Mutane nawa ne a zuriyarmu suka taɓa aikin gwamnati har aka kafa hotonsu? Babana ya mutu bai samu ba. Kare ya fitar da mu kunya.

Jiya na koma. Likitar ta sa an ƙona gawarsa, ta ba ni tokarsa a wani ɗan akwatin katako, bai kai girman burodi ba. Mis Loretta ta sake shiga mota ba gayyata. Muka tarar da Curtis a tsaye gindin allon yana korar wata agwagwa da hula. Ya ga abin da ke hannuna, ya sauke hular, ya riƙe ta a ƙirji. Darlene na can nesa da ma'aikatanta, suna sintiri a tudu. Kyamara na kallonmu duka.

Na nuna masa ruwa, na nuna masa akwatin.

"Curtis, ka fi ni sanin doka. A haka ma sai na ɗaura masa igiya ƙafa shida, ko in je in aro masa riga?"